Kallon Tsuntsaye Lokacin Bazara a Madatsun Ruwa, Filayen Tudu da Kurmin Birtaniya: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi su ne suka fi maimaituwa a bakin masu fara kallon tsuntsaye a tsaunukan arewacin Ingila, Wales da Sikotilan. Bazarar da ake nufi a nan ita ce ta Turai, wato daga Maris zuwa ƙarshen Mayu, lokacin da sanyi ke ja da baya, rana ke ƙara tsawo.

Wane irin wuri ake nufi, kuma me ya sa ake haɗa madatsa da filin tudu da kurmi?

Ana haɗa su ne saboda a ƙasar ma a haɗe suke. Tun daga ƙarni na 19 manyan biranen masana'antu suka riƙa datse kwaruruka a cikin tsaunuka domin samun ruwan sha. Liverpool ta gina madatsar Vyrnwy a Wales tsakanin 1881 da 1888, Birmingham ta buɗe madatsun kwarin Elan a 1904, sannan a yankin Peak District aka kammala Howden a 1912, Derwent a 1916, aka buɗe Ladybower a 1945 bayan ruwa ya shanye ƙauyukan Derwent da Ashopton. A gangaren da ke kewaye da irin waɗannan madatsu akwai ragowar tsohon kurmin itacen ok da kuma sababbin gonakin itatuwan fain da aka dasa. Sama da kurmin kuma sai filin tudu, wanda fili ne fetal marar itatuwa, lulluɓe da gajeren tsiron heda da ciyawa, ƙasarsa baƙa mai riƙe ruwa.

Amfanin wannan ga mai kallo shi ne tafiyar awa biyu ko uku daga bakin ruwa zuwa ƙolin tudu tana ratsa muhalli uku, kowanne da tsuntsayensa. Mafi albarka kuwa su ne iyakokin da ke tsakaninsu, musamman inda kurmi ke ƙarewa ya bar itatuwa jefi-jefi a gangare.

Wane wata ya fi dacewa?

Babu wata ɗaya da ya tattara komai, domin tsuntsayen bi da bi suke isowa (yawancin sunayensu a nan daga Turanci aka aro su, bayanin kamannin da yawa daga cikinsu yana gaba). Tun ƙarshen Fabrairu zuwa Maris kaliyu da lafwin suke hawowa daga bakin teku da gonakin ƙasa-ƙasa inda suka yi hunturu. A Maris ne kuma baƙin farko daga Afirka ke sauka, wato witiya da cifcaf, sai rin-uzel a ƙarshen watan. Farkon Afrilu na wabular wilo ne da tsattsewa, tsakiyarsa kuma na filaikaca, redistat da sandifaifa. Tsuntsun kuku yakan fara kira daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshensa, wabular kurmi tana biye da shi.

Wanda zai je sau ɗaya tak, ya zaɓi makon ƙarshe na Afrilu ko makonni biyun farko na Mayu. A lokacin kusan kowa ya iso, mazan suna kuka ba ƙaƙƙautawa, kuma ganyen ok bai gama buɗewa ba, don haka ana iya ganin mai kukan. Sai dai a tuna cewa tudu yana baya da kwari: abin da aka ji a filayen kudancin Ingila yau, yana iya ɗaukar mako ɗaya ko biyu kafin a ji shi a tsaunukan arewa.

Daga ina baƙin tsuntsayen suke zuwa?

Yawancinsu daga kudu da hamadar Sahara. Filaikaca da redistat suna hunturu a Afirka ta Yamma, shahon kifi na Birtaniya kuma galibi a Senegal da Gambiya da maƙwabtansu, tsattsewa kuwa har Afirka ta Kudu take kaiwa. Rin-uzel ne bai cika tsallake hamada ba, a tsaunukan Atlas na Maroko da kudancin Sifen yake tsayawa. Tun 2011 ƙungiyar binciken tsuntsaye ta BTO take ɗaura wa tsuntsayen kuku na'urar da tauraron ɗan'adam ke bibiya, kuma da ita aka tabbatar cewa dazuzzukan yankin Kogin Kwango suke zuwa, sannan a hanyar dawowa su ya da zango a Afirka ta Yamma su tara kitse kafin su tunkari Sahara.

Wannan ya sa yawan tsuntsayen da ake gani a bazara ya dogara da daminar da aka yi a wata nahiya. A 1969 wata wabula mai farin maƙogwaro ta dawo Birtaniya da ƙasa da rabin yawanta na shekarar da ta gabata, daga baya aka danganta hakan da farin da ya afka wa yankin Sahel.

Na je bakin madatsa na tarar da ruwa fayau, babu ko agwagwa. Ina tsuntsayen?

Wannan shi ne ƙorafin da ya fi yawa, kuma yana da dalili. Madatsun tudu suna da zurfi, gaɓarsu a tsaye take, ruwansu yana da sanyi da tsami saboda baƙar ƙasar da ya ratso, don haka tsirrai da ƙwarin ruwa ba su da yawa. Wanda ya tsaya a kan katangar madatsa yana kallon tsakiyar ruwa ya zaɓi wurin da ya fi ko'ina talauci. Abin yi shi ne a nufi ɗaya ƙarshen, inda rafi ke shigowa, domin a can ruwa bai da zurfi, akwai laka da tsakuwa.

A bakin gaɓar ne ake samun sandifaifa, 'yar ƙarama mai ruwan ƙasa da farin ciki, wadda ba ta daina kaɗa bayanta sama da ƙasa, idan ta tashi kuma sai ta bi dab da fuskar ruwa da fikafikai a sanƙare tana kuka siriri. A kan ruwan ana iya ganin gusanda, doguwar agwagwa mai cin kifi. Idan aka bi rafin sama, a duba duwatsun da ke tsakiyar ruwa masu ɗigon farin kashi a kansu: alamar difa ce, tsuntsuwa mai ƙiba da farin ƙirji, wadda ke nutsewa ta yi tafiya a ƙarƙashin ruwa tana neman tsutsa. Tana sheƙa da wuri, sau da yawa a ƙarƙashin gada.

Wasu manyan madatsu suna da shahon kifi. Ya ɓace daga Birtaniya a matsayin mai sheƙa a farkon ƙarni na 20, ya dawo Loch Garten a Sikotilan a 1954, kuma tun 2009 yake ƙyanƙyasa a yankin madatsar Kielder da ke Northumberland.

Me zan sa ran gani a filin tudu?

Nau'o'in ba su da yawa, amma su ne suka sa ake hawa. Wanda za a fara cin karo da shi shi ne fifit, ɗan ƙarami mai zane-zane a ƙirji, wanda yake tashi daga ƙarƙashin ƙafa. Kada a raina shi, domin a sheƙarsa kuku, wanda a sheƙar wasu tsuntsaye yake saka ƙwai, ya fi sakawa a tudu, kuma shi ne abincin malin, ƙaramin shahon wurin. Jan giraus, mai kama da fakara, yana fashewa da gudu daga cikin heda da kuka mai kaushi, kuma shi ba ya barin tudu ko da hunturu. A kan katangar dutse ko tsibin duwatsu ake ganin witiya, wadda farin bayanta ke walƙiya idan ta tashi.

Kaliyu ne sarkin wurin. Babba ne, ruwan ƙasa, da dogon baki mai lanƙwasa ƙasa, kuma namijin yana hawa sama ya shimfiɗa fikafikai ya sauko a hankali yana wani kuka da ke farawa a jinkirce ya ƙare da ɓuɓɓuga. Kusan rubu'in masu sheƙa na wannan nau'i a duniya a Birtaniya suke, amma yawansu ya ragu da kimanin rabi tun tsakiyar shekarun 1990, har aka sa shi a jerin ja na tsuntsayen da ake fargaba a kansu a 2015. Matsalar ba ta manyan ba ce, suna da tsawon rai. 'Yan tsakin ne ba sa tsira daga dila da hankaka da injin yankan ciyawa. Saboda haka kaliyun da aka saba ji a kwari guda shekara da shekaru yana iya zama tsohon da bai bar magaji ba.

A filayen kiwo masu dausayi da ke gindin tudu akwai lafwin, ɗan'uwan zakaran ƙeƙuwa mai siririn tukku, da kuma sinaif. Ƙarar da sinaif ke yi da magariba, mai kama da kukan akuya daga nesa, ba daga maƙogwaro take fitowa ba: gashin gefen wutsiyarsa ne iska ke kaɗawa yayin da yake sulmiyowa daga sama. Rin-uzel kuma, baƙi mai farin jinjirin wata a ƙirji, sai a kwazazzabai da bakin duwatsu irin na Stanage Edge.

A kurmi fa?

A bambanta kurmi biyu. Tsohon kurmin ok na gangare, mai gansakuka a jikin itatuwa da ƙarancin ƙananan tsirrai a ƙasa, shi ne gidan filaikaca mai baƙi da fari, da redistat mai jar wutsiyar da ke karkarwa, da wabular kurmi. Filaikaca tana karɓar akwatin sheƙa da sauri, don haka inda aka ga an kafa akwatuna a jikin itatuwa, a zauna nesa kaɗan a jira. Duk waɗannan suna auna ƙyanƙyasarsu da fitowar tsutsotsin da ke cin sabon ganyen ok, kuma binciken da aka yi a Holan ya nuna cewa idan bazara ta yi saurin zafi, tsutsar tana iya wucewa kafin 'yan tsaki su buƙace ta.

Gonar fain mai duhu ba ta da wannan wadata a cikinta, amma gefenta da wuraren da aka sare suna da amfani. A samanta ne kuma goshok, wani babban shahon kurmi, ke shawagi, kamar yadda za a gani a amsar da ta shafi tsuntsaye masu farauta.

Wane lokaci na yini ya fi, kuma wane irin yanayi?

A kurmi, daga ketowar alfijir zuwa awa biyu ko uku bayan fitowar rana. A tsakiyar Mayu rana tana fitowa wajen ƙarfe 5 na safe a arewacin Ingila, kuma kukan yana farawa tun kafin nan. Lahadin farko ta Mayu ma an ware ta a matsayin ranar sauraron kukan asuba. Tsuntsaye masu farauta kuwa sai hantsi, idan iska ta ɗumama. Iska mai ƙarfi ita ce babbar abokiyar gaba, ta fi yayyafi illa, domin tana sa ƙananan tsuntsaye su lafe, tana kuma kwashe sauti.

Waɗanne kayan aiki nake buƙata?

Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ko 8x32 ya wadatar. Lambar farko tana nuna ninkin girman da yake ƙarawa, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba a milimita. Wanda ya fi ninki 10 yana rawa a hannu, kuma yana wahalar da mai neman ɗan tsuntsu a cikin rassa. Teleskof mai ƙafa uku yana da amfani a bakin ruwa da wajen kallon shaho daga nesa, amma nauyi ne a hawan tudu, kuma sabon shiga zai iya jinkirta sayensa. Sauran kayan su ne takalmin da ruwa ba ya shiga, rigar ruwa, tufa mai launi marar ɗaukar ido, littafin gane tsuntsaye, da taswirar hukumar taswira ta Birtaniya, Ordnance Survey, mai ma'aunin 1:25,000.

Ina jin kuka ta ko'ina amma ba na ganin kowa. Yaya zan koya?

A kurmi kunne ya riga ido, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki kuka huɗu ko biyar kawai a bazarar farko. Cifcaf da wabular wilo kusan kamarsu ɗaya a ido, har ƙwararru sukan yi jinkiri, amma cifcaf sauti biyu yake ta maimaitawa, wabular wilo kuma tana rero mai daɗi da ke gangarowa daga sama zuwa ƙasa. Wabular kurmi tana yin sauti mai ƙara sauri har ya zama karkarwa, kuma idan aka same ta da madubi za a ga jikinta duka yana rawa lokacin da take kai ƙarshensa.

Manhajar Merlin ta cibiyar binciken tsuntsaye ta jami'ar Cornell tana sauraro ta ba da suna, kuma tana taimakawa ƙwarai. Amma hasashe take yi, takan kuskure, musamman inda ƙarar rafi ko iska ta cakuɗe da kukan. A ɗauki abin da ta faɗa a matsayin shawarar inda za a duba, a tabbatar da ido kafin a rubuta.

Ina da izinin shiga ko'ina a tudu? Zan iya zuwa da kare?

A Ingila da Wales dokar shekarar 2000 ta ba jama'a damar tafiya da ƙafa a filayen tudu da aka yi wa rajista, kuma taswirar da aka ambata tana nuna su da launi na daban. Wannan dama ta biyo bayan gwagwarmaya mai tsawo, wadda aka fi tunawa da kutsen gayya da masu tafiya suka yi a Kinder Scout a 1932. A wajen waɗannan filaye sai a tsaya kan hanyoyin da doka ta amince da su. Sikotilan tana da tata dokar ta 2003, wadda ta fi faɗi, bisa sharaɗin a yi amfani da damar cikin hankali.

Game da kare, daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli dole ya kasance a igiyar da ba ta wuce mita 2 ba a filayen Ingila da Wales da aka yi wa rajista, haka kuma a kowane lokaci idan akwai dabbobin kiwo kusa. Wasu masu filayen giraus suna da ikon hana karnuka gaba ɗaya. Dalilin yana cikin amsa ta gaba.

Yaya kusancin da ya halatta da sheƙa? Zan iya kunna kukan tsuntsu don ya fito?

Kusan duk tsuntsayen filin tudu a ƙasa suke saka ƙwai, a ɗan rami cikin ciyawa. Idan mutum ko kare ya tayar da uwa daga kwanci, ƙwan yana hucewa cikin sanyin tudu, hankaka kuma yana kallo. Tsuntsun da kansa yake faɗin cewa an matso: kaliyun da ke zagaye kan mutum yana ihu, ko lafwin da ke kawo farmaki, ko fifit da ya tsaya da tsutsa a baki ya ƙi tafiya, duk suna nufin sheƙa ko 'yan tsaki na kusa. A ci gaba da tafiya kan hanya, kada a tsaya neman inda suke. Samun izinin shiga fili bai zama dalilin ratsa heda a watan Mayu ba.

Dokar kare namun daji ta 1981 ta haramta lalata sheƙar da ake amfani da ita ko ɗaukar ƙwai. Ga nau'o'in da ke jadawalinta na farko, irin su tsuntsaye masu farauta feregirin, goshok, malin, hen hariya da shahon kifi, ko tayar musu da hankali a sheƙa laifi ne da ke iya jawo tara ko ɗaurin da ya kai wata shida, kuma ɗaukar hotonsu a sheƙa sai da lasisi. Kunna kuka daga waya kuwa yana sa namiji ya bar aikinsa ya fito neman abokin hamayyar da babu shi, kuma a wurin da jama'a ke yawan zuwa ana iya yi masa haka sau da yawa a yini guda. A bar shi a lokacin sheƙa.

Ta yaya ake ganin tsuntsaye masu farauta, kuma me ya sa ake ɓoye inda suke?

Ana ganinsu ne da zama, ba da yawo ba. A sami wuri mai hangen kwari da layin tudu, a juya wa rana baya, a riƙa share sararin sama da madubi. Safiya mai haske a Maris ita ce damar ganin goshok yana shawagin neman mace a saman gonakin fain, bayan haka sai ya koma cikin kurmi ya ɓace. Mafi yawan abin da sabon shiga ke ɗauka gaggafa, buzad ne, wani shaho mai faɗin fikafikai wanda ya zama ruwan dare. Gaggafar zinariya ta ƙarshe a Ingila, wadda ta zauna ita kaɗai a kusa da madatsar Haweswater shekaru da dama, ta ɓace tun wajen 2016.

Ɓoye wurin sheƙa kuwa saboda har yanzu ana satar ƙwai da 'ya'yan feregirin, ana kuma kashe masu farauta ba bisa doka ba a wasu filayen da ake kiwon giraus domin harbi. Hen hariya ce ta fi shan wahala: a 2013 babu sheƙa ko ɗaya da ta yi nasara a duk Ingila, ko da yake an samu ƙaruwa daga baya. Wanda ya ga sheƙar irin waɗannan kada ya sa wurin a intanet. Wanda kuma ya ga tarko ko gawar da yake zargi, kada ya taɓa ta saboda guba, ya ɗauki hoto ya sanar da 'yan sanda.

Me ya sa ake ganin tudu da faci-faci kamar an yi masa aski?

Aikin masu kula da giraus ne. Suna ƙona ko yanke heda yanki-yanki domin a samu sabon toho na ci da kuma tsohon tsiro na ɓuya, kuma a tsaunukan Ingila lokacin ƙunar yana ƙarewa 15 ga Afrilu. Harbin giraus kuwa yana farawa 12 ga Agusta. Batun yana da zafi: masu goyon baya suna nuna cewa kashe dila da hankaka yana ƙara yawan kaliyu da lafwin, masu suka kuma suna nuna lalacewar baƙar ƙasa mai riƙe ruwa da kisan da aka ambata a sama. Kowane ɓangare yana da hujjar da ɗayan ba ya son ji.

Waɗanne haɗura ya kamata in sani?

Na farko yanayi ne. Zafi yana raguwa da kimanin digiri 6 a kowace mita 1,000 ta hawa, amma iska ce ke ninka sanyin, kuma hazo yana iya rufe tudu cikin mintoci, wayar hannu kuma ba ta samun sabis a kwaruruka da yawa. A faɗa wa wani inda za a je da lokacin dawowa. Idan an shiga matsala a kira 999, a nemi 'yan sanda, sannan masu ceton tsauni.

Kaska tana yawa a dogayen ciyayi daga bazara, kuma wasu suna ɗauke da cutar Laim, don haka a cusa wando cikin safa, a duba jiki bayan an dawo, a ga likita idan jan zobe ya fito a inda ta ciza. Maciji mai dafi ɗaya ne a Birtaniya, ada, kuma ba ya sara sai an taka shi ko an kama shi. Ba a iyo a madatsa, saboda sanyin ruwan da injinan da ke ƙarƙashi. Busasshiyar ciyawar bara kuma tana kama wuta da sauri a Afrilu, shi ya sa ake hana gasa nama da hura wuta a filayen tudu da dama.

Rubuta abin da na gani yana da wani amfani?

Yana da shi, musamman a tudu inda masu ƙidaya suka yi ƙaranci. Shafukan intanet na BirdTrack na BTO da eBird na Cornell duk suna karɓar bayanai daga kowa. Cikakken jerin duk abin da aka gani a wuri guda, tare da lokacin farawa da gamawa, ya fi rahoton tsuntsu ɗaya mai ban mamaki daraja, domin da shi ake gane abin da babu. A ƙara alamar sheƙa idan an gani daga kan hanya, kamar namiji mai kuka ko uwa ɗauke da abinci, sannan ga nau'o'in jadawali na farko a yi amfani da zaɓin ɓoye wurin, ko a aika bayanin kai tsaye ga mai tattara bayanan tsuntsaye na gundumar.